Sharhi Kan Asibitin Dabbobin da Ya Ba Ni Kyalla

Wata 11 ke nan da na ɗauko wata karya, Kyalla, daga wani asibitin dabbobi mai zaman kansa a cikin garin Jos, kuma sai yanzu nake ganin na tara abin da zai ishe ni in yi wa wurin hukunci da adalci. Da a makon farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla mai karatu zai tarar. Da kuma a mako na bakwai na rubuta shi, ranar da na tsaya da maigadina a layin allura hannunsa naɗe da bandeji, da ban bar musu ko kalma ɗaya ta alheri ba. Ba zan ambaci sunan asibitin ba, tunda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, amma irinsa ba ɗaya ba ne a manyan garuruwanmu, kuma tambayoyin da ban yi ba su ne nake so wani ya yi kafin ya sa kare a mota.

Ina da 'yar gonar kaji a bayan Bukuru, ta wajen hanyar Vom, kuma a cikin damina ɗaya sau biyu aka haura mini katanga. Karon farko aka kwashe ƙwai, karo na biyu aka kwance injin jan ruwa. Maigadina dattijo ne mai amana, sai dai shekaru sun fara taɓa jinsa, saboda haka na yanke shawarar neman karen da zai zame masa kunne da dare. Masu kiwon karnukan Turawa sun yanka mini kuɗin kwikwiyo ɗaya da ya kusa kuɗin buhu goma na abincin kaji, ga shi sai na yi renon shekara kafin ya yi amfani. Wani abokin sana'a ya ce in tafi kasuwar karnuka ta Dawaki a ƙaramar hukumar Kanke in zaɓo na gida da araha, amma na ji tsoron karen da babu wanda ya san inda ya fito ko abin da ke yawo a jininsa. Likitan da ke yi wa kajina rigakafi ne ya kwatanta mini wannan asibiti.

Ainihin aikin wurin shi ne duba dabbobi da sayar da magunguna, amma a bayan ginin akwai 'yan kejuna na bulo masu ƙofofin ƙarfe, inda suke ajiye karnukan da aka yasar. Wasu masu su ne suka kawo su jinya, da suka ga takardar kuɗi sai suka kashe waya. Wasu kuwa 'yan haya ne suka tashi suka bar su ɗaure a tsakar gida, har maƙwabta suka gaji da kukansu suka kira asibitin. Ma'aikatan ba sa kiran abin ciniki. Abin da mutum zai biya suna ce masa kuɗin kulawa, kuma a bakin ma'aikaciyar da ke karɓar baƙi ya ƙunshi gwajin jini da maganin tsutsar ciki da alluran rigakafi da ziyara ɗaya zuwa inda karen zai zauna da darasin horo shida. Na ce a bakinta ne domin babu wata takarda da aka miƙo mini mai jera waɗannan abubuwa, kuma daga baya wannan ya zama abin jayayya tsakaninmu.

Na san akwai mai karatun da tun daga kan rubutun ya fara yamutsa fuska. Ajiye kare don gadin shuka ko dabbobi ko don farauta abu ne da hadisi ya yi rangwame a kansa, kuma a mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi ba a ɗauki jikin kare mai rai ko yawunsa a matsayin najasa ba, duk da umarnin wanke ƙwaryar da ya sa baki a cikinta sau bakwai. Kyalla a gona take kwana, ba ta taɓa taka gidan da iyalina suke ba.

Ranar da na je, cikin sanyin Disamba, karnuka biyar na tarar. Huɗu suka taso da haushi suna dukan ƙofa da ƙirji, ɗaya kuwa ta maƙure a lungun keji ta ba mu baya. Ja ce mai farin goshi, ruwa biyu, da alama uwarta ta gida ce, ubanta kuma irin karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke aiki da su. Gashin gefen kunnuwanta da na gwiwoyinta ya zube, fatar ta yi kauri ta yi ɓawo, haƙarƙarinta kuwa daga bakin ƙofa ana iya ƙirga su. A wuyanta akwai wani farin tabo da ya zagaye shi kaf, inda sarƙa ta ci fata ta nutse. Ni hankalina yana kan wani baƙin ƙato da haushinsa ke girgiza kwanon rufi, amma likitar wurin ta ce wannan tsalle ɗaya yake yi wa katanga, kuma laifin da ya sa mai shi ya rabu da shi kashe kajin maƙwabta ne. Ta nuna mini kunnuwan jar, ta ce in lura: tun kafin yaron da ke kawo abinci ya ɓullo ta kwanar gini, kunnuwan nan sun miƙe, sauran kuwa sai da suka gan shi.

A nan ne asibitin ya fara samun makin da har yau ban janye ba. Likitar ta durƙusa, ta ɗaga leɓen karyar ta nuna mini dasashinta, wanda ya kamata ya yi jaja-jaja amma ya yi fari fat kamar cikin ƙwarya. Ta ce, “Alhaji, wannan ba lafiyayya ba ce, kuma ba zan ce maka za ta fara gadi nan da wata ɗaya ba. Idan gaggawa kake yi, gara ka je ka sayi lafiyayye.” Daga nan ta jera mini abin da ke damunta ba tare da rage komai ba. Akwai zazzaɓin kaska, wanda gwajin jini ya tabbatar, shi ne ya shanye mata jini har ta riƙa haɓo a kwanakin farko. Akwai kirci, wanda suka gano bayan sun kankari fatar sun duba a madubin likita. Akwai kuma tsohuwar karaya a ƙafar baya ta hagu da ta haɗe a karkace, ta sa mini hoton ƙashin a gaban fitila na gani da idona. Daga haƙoranta ta ƙiyasta mata shekara biyu. Kwananta 12 a wurin, kuma likitar ba ta ɓoye mini cewa ƙarancin keji ne ya sa suke son sallamarta magani bai ƙare ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ni dai an nuna mini ramukan tawa ɗaya bayan ɗaya, ko kuma haka na zata.

Katin lafiyar da suka ba ni shi ne abu mafi daraja da na fito da shi daga wurin. An rubuta nauyinta, da sunan kowane magani, da ranar da aka fara da ranar da za a gama. Maganin zazzaɓin kaskan, doksisaikilin, kwana 28 ake shan sa ba tsallake, saura kwana 16 a lokacin, kuma likitar ta ja kunnena cewa karyar za ta warware cikin mako guda, wanda shi ne lokacin da mutane ke ajiye magani cutar ta kwanta ta dawo. Na matsa a yi mata allurar haukan kare a ranar, ta ƙi, ta ce jikin da ke fama da zazzaɓi ba ya karɓar rigakafi yadda ya kamata, in dawo da ita bayan mako uku. Da na dawo, a gabana aka buɗe firji aka ɗauko kwalbar, aka nuna mini ranar ƙarewar aikinta, aka ɓare lambar jikinta aka manna a katin. Wanda ya yi kiwon kaji ya san muhimmancin wannan, domin rigakafin da ya fita daga sanyin digiri 2 zuwa 8 ya daɗe a zafi ruwan banza ne, kuma da ido ba a bambanta shi da mai kyau. Haka aka yi da allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar, wadda ta ƙunshi ta gudawar jini mai kashe kwikwiyoyi, aka maimaita ta bayan mako huɗu tunda babu tarihin rigakafinta na baya.

Ziyarar da suka yi alkawari ma sun cika ta, ko da yake sai a kira na uku. Wani ma'aikacinsu ya zo gonar, bai tsaya kan karyar ba sai ya nufi ɗakin da na gyara mata, ya sa tocila a tsagogin bulo. Ya bayyana mini cewa kaskar kare a jikin bango take ɓuya, macen ta zuba dubban ƙwayaye a tsaga, saboda haka wanda ya wanke kare bai yi wa ɗaki magani ba ya yi aikin baban giwa. Ya sa aka yaɓe tsagogin da siminti aka yi feshi, ya ɗaga mata katakon kwanciya daga ƙasa saboda ƙafar da sanyin Jos. Ya kuma hango kwalbar fiya-fiya a tagar maigadi, ya ce kada a kuskura a ɗiga wa dabba wannan, yana shiga ta fata ya kashe. Don maganin kirci da kaska sun sa mu a kan Bravecto, ƙwaya ɗaya da ake taunawa wadda ke aiki wata biyu zuwa uku. Tana da tsada, kuma ba ta cikin kuɗin kulawa, amma a mako na shida sabon gashi ya fara tsirowa a kunnuwan kamar ciyawar farkon damina. Baba maigadi ya so ya shafa mata baƙin mai, yadda ya ga ana yi wa karnukan ƙauyensu, sai da likitar ta yi masa bayani a waya cewa dabbar za ta lashe shi ya zame mata guba. Irin wannan kircin yana ɗan kama mutum, Baba ma ya yi 'yan kwanaki yana susar hannu, kuma sun gargaɗe mu tun farko.

Kan abinci shawararsu ta dace da aljihun ɗan Najeriya, ba su tura ni sayen buhun abincin waje ba. Tuwon masara ko shinkafa da dafaffen ƙwai da kifi da kayan ciki aka tsara mata, kaɗan-kaɗan sau uku a rana da farko, domin cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar lodi. An hana mu ba ta miyar gida saboda albasa, wadda ke lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga ta kuwa da ma jinin bai ishe ta ba. An hana dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa, an hana mushen kaji, an kuma hana a ba ta maganin ciwon jiki na mutane irin su ibuprofen idan ƙafar ta motsa, domin yana cin ciki da ƙoda. Cikin wata biyu nauyinta ya ƙaru da kilo shida.

Duk wannan jiki ne. Game da halinta kuwa, abin da aka faɗa mini bai wuce jimla ɗaya ba, wai tana da ɗan tsoro amma za ta saba. Katin mai shafi huɗu ba shi da ko layi ɗaya a kan abin da take tsoro ko abin da ke sa ta gurnani, kuma ni ma ban tambaya ba, domin a tunanina na lokacin kare in ya ƙoshi ya warke shi ke nan. Mun fara gane akwai matsala ta wajen gorar Baba. Duk lokacin da ya ɗauke ta zai zagaya, sai Kyalla ta kwanta ta manne da ƙasa ta saki fitsari, idanunta a kan sandar, ba a kan mutumin ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Haka kuma ba ta yarda a taɓa wuyanta, ƙarar sarƙa kuwa ko ta ƙofar gona ce tana sa ta shige ƙarƙashin katako.

A mako na bakwai, da yamma, Baba ya miƙa hannu zai jawo kwanonta ya ƙara mata romo tana cikin ci. Ba ta yi haushi ba, jikinta ne kawai ya sandare, kafin ya ankara ta kafa masa haƙora biyu a gindin babban yatsa, ta saki ta koma lungu tana rawar jiki. Na kira likitar, ta ɗauka a bugu na biyu, kuma abin da ta fara cewa shi ne a sa hannun a ƙarƙashin famfo a wanke da sabulu na minti 15 cur kafin a yi komai, kada a ɗaure da tsumma ko a zuba toka, daga nan a wuce asibitin mutane a daren. Likitan da ya duba Baba ya karanta katin lafiyar karyar, ya ga allurar haukan kare ba ta wuce wata ɗaya ba, kuma babu wanda ya san abin da ya ciji karyar kafin a tsince ta, alhali cutar na iya kwanciya watanni a jiki. Ya ce a fara jerin alluran kariya nan take, a kuma killace karyar kwana 10 ana lura da ita, domin karen da ke da cutar a yawunsa ba ya wuce waɗannan kwanaki bai nuna alama ba. Da ta mutu a tsakani, da kanta za a kai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda ke nan tun 1924, a duba ƙwaƙwalwar. Ban ga laifin wannan tsanani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamomi sun bayyana da wuya a ga wanda ya tashi.

Kyalla ta cika kwana goman lafiya lau, hannun Baba ya warke. Abin da bai warke mini ba shi ne maganar da yaron kejin ya yi lokacin da ya rako likitar gonar washegarin cizon. Yana ganin kwanon sai ya ce, “Ai dama ita ba a taɓa mata kwano, mu ma da sandar tsintsiya muke jawo shi in ta gama.” Wato abin da zai hana dattijo shan cizo da allurai yana bakin ma'aikacinsu tun ranar farko, amma bai kai ga katin ba, bai kai ga kunnena ba, kuma daga yadda fuskar likitar ta sauya na gane ita ma a ranar ta fara ji. Ta ba Baba haƙuri cikin ladabi, ta riƙa zuwa duba karyar ba ta karɓi ko sisi ba. Amma kuɗin alluran Baba, waɗanda suka fi kuɗin kulawar gaba ɗaya, ni na biya, asibitin bai ko yi tayin ɗaukar wani kaso ba. Da na tambayi ko suna karɓar kare idan zama ya gagara, sai aka ce mini sai in akwai keji.

Sashen horo shi ne mafi rauni a cikin hidimar, kuma a ganina bai kamata su riƙa sa shi a cikin lissafi ba. Mai horon ba ma'aikacinsu ba ne, wani saurayi ne da suke turawa, wanda ya saba da horar da karnukan kamfanonin tsaro. Ya iso da sarƙar nan mai shaƙewa idan aka fizga, bai tambayi tarihin karyar ba, bai ko dubi tabon wuyanta ba, ya zura mata. Ya daka tsawa da Turanci, ta kwanta maimakon ta zauna, ya fizga, ta yi wata irin ƙara da har kaji suka yi tsit. Na ce ya dakata, sai ya ce, “Yallaɓai, kare sai ya san wane ne babba, in ka tausaya masa ya raina ka.” A zuwa na biyu ya kawo hannun riga mai kauri zai koya mata kai hari, karyar da mako biyu kafin nan ta ciji mutum don tsoro. A nan na sallame shi. Bayan tafiyarsa sai da ta yi kwana huɗu ba ta fito daga ɗaki da rana ba. Ban ce saurayin mugu ba ne, abin da aka koya masa yake yi, amma asibitin da ya san wuyan da sarƙa ta ci bai kamata ya tura mai sarƙa ba. Ko batun yaren ma bai yi tunani a kai ba: wanda zai kwana da karyar Bahaushe ne ɗan shekara sittin da wani abu, kare kuwa sauti yake riƙewa, ba ruwansa da ko na Ingila ne ko na Kano.

Abin da ya yi aiki daga ƙarshe likitar ce ta rubuta mana shi a bayan takardar magani, Baba kuma ya aiwatar da haƙurin da ni ba ni da shi. An daina taɓa kwanon sam. Idan tana ci, sai ya wuce daga nesa ya jefa mata yankin dafaffiyar hanta ya yi gaba, kullum yana rage tazarar da taki ɗaya, har ta fahimci cewa ƙafar da ke matsowa ƙari take kawowa. Gorar kuma aka kwantar da ita a ƙasa nesa da wurin cin abinci, bayan kwanaki aka jingine ta da bango, sai da aka yi wata guda kafin Baba ya riƙe ta a gabanta. An maye sarƙa da ɗamarar ƙirji wadda ba ta taɓa wuya. Darasi ba ya wuce minti biyar, safe da yamma, da kalmomi huɗu kacal: zo, zauna, bari, shiga. Lada kuma a take ake ba da shi, domin in aka yi jinkiri ba ta san abin da aka biya ta ba. Wata rana na kawo kilishi don lada, Baba ya karɓe ya ce, “Alhaji, ai Likita ta hana albasa da yaji,” ya cinye abinsa. Mun kuma saba mata da takunkumi mai kama da kwando, wanda ke barin ta ta yi haki, don ranar zuwa asibiti. Duk wannan shawara kyauta aka ba mu, kuma ta fi darasi shidan da na biya amfani nesa ba kusa ba, sai dai ta zo ne bayan jini ya zuba.

Kan kuɗi, kuɗin kulawar kansa ba shi da yawa, bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kwikwiyon Turawa ba. Amma abin da na kashe a wata ukun farko, ban da alluran Baba, ya ninka shi kusan sau huɗu. Aikin cire mahaifa, wanda na fahimta daga bakin ma'aikaciyar cewa yana ciki, da lokacinsa ya zo sai aka ce daban ne. Na biya, domin karya tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, kuma a lokacin duk karnukan unguwa za su yi wa katanga zobe, ga wani ciwon tsiro da ke yaɗuwa tsakaninsu ta wajen barbara. Aikin ya yi kyau, ɗinkin ya warke ba tare da ruwa ba, amma da an rubuta mini tun farko da babu ɓacin rai.

Idan za a raba maki, sashen magani ya ci kusan duka: gaskiya kan cuta, tsabtar kejuna, kula da sanyin rigakafi, da likitar da ke ɗaukar waya da dare. Sashen takardu ya ci rabi. Sashen sanin halin kare da horo kuwa ya faɗi. Zan iya tura mutum wurin, amma mutumin da ke da fili mai katanga, da wanda zai zauna da karen kullum, da kuɗin magani na aƙalla wata uku a gefe. Gidan da ke da ƙananan yara masu kai hannu kwanon dabba ba zan tura shi ba, haka ma wanda aka yi wa sata jiya yake son mai gadi gobe. Wanda zai je, ya nemi a rubuta masa abin da kuɗinsa ya ƙunsa da sharaɗin mayarwa, ya roƙi a ciyar da karen a gabansa, ya ga yadda yake yi idan an ɗaga sanda ko an taɓa wuyansa, sannan ya ja yaron da ke share kejin gefe ya tambaye shi, domin shi ya fi kowa sanin dabbar. A zuwana na ƙarshe na ga sun rataya ɗan allo a ƙofar kowane keji, an rubuta da alli abin da karen ke tsoro da abin da ba ya so. Mai horon kuwa an ce har yanzu shi suke turawa.

Yanzu hunturu ya fara dawowa, kuma da asuba Kyalla na ɗingisa ƙafar hagun har sai rana ta ɗaga, shi ya sa Baba ya ninka mata buhunan kwanciya. Gashin ya rufe ko'ina ban da zoben wuyan. Ba ta kai hari, kuma ban ƙara neman a koya mata ba. Idan ta ji motsi sai ta yi haushi ta ruga ƙofar Baba ta yi ta tonon ƙasa har ya fito da tocila. Sau uku ta tashe shi a cikin daminar da ta wuce, biyu bushiya ce, na ukun kuwa da safe muka tarar da sawun takalmi da wani guntun tsani a bayan katanga. Darasi huɗun da suka rage ban karɓa ba, kuɗinsu ma ba a mayar mini ba duk da na tuna musu sau biyu, kuma a watan Janairu zan sake tuna musu idan na kai ta allurar shekara.